Doki da duhun dare: abin da ya kamata ku sani game da melatonin

A Mahuta, can kudancin kogin Kaduna ta wajen matatar mai, yinin da ya fi kowane tsawo a shekara yana zuwa ne wajen 21 ga Yuni. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta awa 12 ne da kamar minti 45. Wanda ya fi gajarta kuwa, wajen 21 ga Disamba, awa 11 da rabi ne. Tazarar awa ɗaya ce da 'yan mintuna. Mu mutane ba mu cika lura ba, sai dai a ji an ce magariba ta matso ko asuba ta ja baya. Jikin doki kuwa yana riƙe da wannan lissafi dare bayan dare, kuma da shi yake tsara lokacin da goɗiya za ta nemi ingarma, da lokacin da gashi zai zube, da lokacin da sabo zai tsiro. Abin da yake ƙirgen da shi wani sinadari ne da ake kira melatonin.

Kaduna ba baƙuwar doki ba ce. Nan aka tara dawakin Arewa a 1956 don Sarauniya Elizabeth ta Ingila, nan aka sake tara su a 1977 lokacin FESTAC. Filin ƙwallon dawaki na Murtala Square yana nan, inda ake fafatawa kan kofin Georgian, ga kuma Fifth Chukker can Kangimi a kan hanyar Jos. Ban da waɗannan manyan barguna, akwai masu doki ɗaya ko biyu a bayan gida, na kilisar yamma da hawan sallah da rakiyar ango. Mutane ne da suka san harawa mai kyau daga ƙanshinta, suka san awon kanwa, suka san ciwon ciki tun doki bai fara birgima ba. Abin da ba a cika tattaunawa a bakin barga ba shi ne duhu, alhali duhu ma wani abu ne da jikin doki ke buƙata a ba shi kowace rana.

Daga ido zuwa tsakiyar kai

Melatonin yana cikin sinadaran da likitoci ke kira homon, wato waɗanda wani sashe na jiki ke haɗawa ya zuba a jini, jini ya zaga da su, sauran sassa su karɓi umarni. Mutum yana da shi, saniya tana da shi, kaza ma haka. Wani likitan fata ɗan Amurka, Aaron Lerner, shi da abokan aikinsa na Jami'ar Yale suka fara tace shi a 1958. Sai da suka yi amfani da abin da aka ciro daga kawunan shanu fiye da 200,000 kafin su sami ɗan abin da za a auna. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ƙanƙantar abin da muke magana a kai.

Wurin haɗa shi wani ɗan mitsitsin nama ne a tsakiyar ƙwaƙwalwa, sunansa faniyal. A doki yana can ciki, ƙashin kai da naman ƙwaƙwalwa sun lulluɓe shi, haske ba ya kai masa ko kaɗan. Don haka sai an ba shi labarin abin da gari ke ciki, mai kawo labarin kuwa ido ne. A tantanin da ke bayan idon doki akwai wasu ƙwayoyin halitta waɗanda gani ba shi ne aikinsu ba. Ba ruwansu da siffar mutum ko launin ciyawa. Su dai auna haske suke yi, akwai ko babu, kuma wanda ya fi tayar da su shi ne mai ruwan shuɗi, irin wanda ya cika sararin sama da rana. Saƙonsu yana tafiya zuwa wani ɗan gungun jijiyoyi da ke daidai saman inda jijiyoyin idanun biyu suka gitta juna. Wannan gungu shi ne babban agogon jiki.

Daga nan hanyar sai ta yi wani zagaye mai ban mamaki. Maimakon saƙon ya wuce kai tsaye zuwa faniyal, wanda ba shi da nisa, sai ya gangara ta laka, ya fita daga ƙashin baya, ya hau zuwa wani ƙullin jijiyoyi a can saman wuya, kana ya sake shiga cikin kai. Muddin ido na ganin haske, agogon yana danne wannan hanya. Duhu na sauka sai ya sake ta, bakin jijiyoyin su zubo wa faniyal wani sinadari mai suna noradirenalin, aiki ya kankama.

Kayan haɗin daga abinci suke fitowa. Akwai wani ɓangare na furotin mai suna tiriftofan, wanda jikin doki ba ya iya ƙera shi, sai dai ya samo daga dawa da dusa da harawa da ɗanyar ciyawa. Faniyal yana ɗaukar tiriftofan daga jini ya juya shi sau huɗu. Juyi biyu na farko suna ba da serotonin, kuma waɗannan suna gudana ko da rana. Juyi na uku shi ne mai ƙofa. Akwai wani enzayim, wato sinadari mai hanzarta haɗi, da ake taƙaita sunansa da AANAT, wanda ba ya tashi aiki sai noradirenalin na dare ya taɓa shi. Shi ke kama serotonin ya sauya shi, juyi na huɗu ya ƙarasa, melatonin ya fito. Kenan da rana kayan na nan jibge, umarnin haɗawa ne babu.

Wannan yana da amfani ga aljihun mai doki. Ana sayar da garin tiriftofan a ƙasashen waje da sunan maganin kwantar da hankalin doki, wasu kuma kan yo odarsa. Gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna yana kwantar da komai ba, an ma ga cewa yawansa na iya fasa jajayen ƙwayoyin jini. Dokin da ke cin abinci mai kyau ba ya rasa tiriftofan. Ƙara masa buhu guda ba zai buɗe ƙofar da duhu ne kaɗai ke buɗe ta ba.

Yadda jiki ke kawar da shi

Faniyal ba shi da rumbu. Wasu sassan jiki kan haɗa homon su adana, su saki kaɗan kaɗan. Shi melatonin yana fitowa yake ratsa bangon ƙwayar da ta haɗa shi, ya faɗa jini da ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Kuma tun daga wannan lokaci ake fara kwashe shi. Duk zagayen da jini ya yi ta hanta, sai hanta ta kama kaso mai yawa. Tsarin da aka sani a dabbobi masu shayarwa mataki biyu ne. Na farko, enzayim na hanta ya liƙa masa wani ɗan guntu da zai kashe masa kaifi. A jikin ɗan Adam, enzayim ɗin da ke wannan aiki shi ne dai wanda ke narkar da kafeyin na goro da shayi. Na biyu, a ɗaura masa wani guntun, yawanci salfet, wanda zai sa ya narke a ruwa. Daga nan ƙoda ta tace shi ya bi fitsari. Wani ɗan kaso kuma ba ya kai wa hanta, yana ƙarewa ne a cikin ƙwayoyin jiki wajen tare gurɓatattun sinadaran da ke tsatsa su, domin melatonin na da wannan aikin na kariya.

Kwashewar tana da sauri ƙwarai. A dabbobin da aka auna, kafin awa ɗaya rabin abin da ke cikin jini ya tafi. Ka ɗauka famfo ne ke zuba a bokiti mai huji: muddin famfon na zuba za ka ga ruwa, ana rufe shi bokitin ya ƙafe. Shi ya sa jinin doki ke faɗin gaskiyar lokaci. Da hanta tana jan ƙafa, da melatonin na daren jiya ya kwana ya wuni a jini, jiki ya kasa bambance dare da rana. Saurin kawar da shi ne ke sa saƙon ya fito fes: ya tashi bayan magariba, ya tsaya a sama cikin dare, ya faɗi da wayewar gari. Haka kuma idan aka kunna fitila mai ƙarfi a tsakar dare, cikin kamar awa ɗaya ya sauko zuwa inda yake da rana tsaka.

Abin da jiki ke karantawa tsawon lokacin ne, ba yawan sinadarin ba. Doki ma ba mai yawan melatonin ba ne. Masu bincike a Faransa sun gwada jinin goɗiyoyi da na jakuna da na alfadarai, suka tarar na doki ne mafi ƙaranci a cikinsu. Ko tsakanin dawakin, wani ya ninka wani sau da yawa, kuma kowa lafiyarsa ƙalau. Mai kaɗan da mai yawa duka saƙo ɗaya suke samu, wato dare ya kai awa kaza.

Akwai inda doki ya sha bamban da mu. Mutum ko tunkiya, ko an kulle su a ɗaki mai duhu kwana da kwanaki, melatonin ɗinsu zai ci gaba da hawa da sauka a kan lokaci, domin agogon ciki ne ke jan ragamar. Wata masaniyar dawaki 'yar ƙasar Ireland, Barbara Murphy, ita da abokan aikinta sun gwada wannan a kan goɗiyoyi shida, suka wallafa sakamakon a 2011. Da aka tsawaita musu duhu, hawa da saukar ta ɓace. Wasu masu bincike a Italiya sun sake samun haka. Ma'ana, melatonin na doki ya fi bin abin da ido ya gani a take. A wani gwajin na 2007 an matso wa dawaki da fitowar haske da awa 6 a dare ɗaya, tamkar an ɗauke su a jirgi zuwa gabas, sai ga melatonin ɗinsu ya daidaita tun ranar farko. Mutum kan yi kwanaki yana magagi kafin ya warware. Wannan alheri ne ga dokin ƙwallo da aka sauke daga Ajantina, mai tazarar awa 4 da agogon Najeriya. Amma kuma shi ne rauninsa, don dabbar da jikinta ke gaskata ido nan take, ƙwan fitila ma na iya yaudararta.

Goɗiya, ingarma da gashi

Babban aikin melatonin a doki shi ne tsara haihuwa. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai inda ake sakin homon da ke ba wani ƙullutu mai suna fituwitari umarni, shi kuma ya saki nasa guda biyu da ke sa ƙwan goɗiya ya nuna ya faɗo. Dogon dare, wato melatonin na awanni masu yawa, yana rage wannan umarni. Gajeren dare yana sake shi. In komai na tafiya daidai, goɗiya kan zagayo duk kwana 21 ko 22, ta yi kwana 5 zuwa 7 tana karɓar ingarma. In umarnin ya yi ƙasa, sai ta yi shiru wata da watanni, ingarma ya matso ta kai masa harbi.

Hikimar a fili take. Goɗiya na ɗaukar ciki wata 11, kusan kwana 340. A ƙasashen sanyi inda asalin doki yake, wadda ta ɗauki ciki lokacin da yini ke tsawo za ta haihu baɗi daidai fitowar sabuwar ciyawa. Tunkiyar Turai kuwa cikinta wata 5 ne, saboda haka ita dogon dare ne ke tayar mata da sha'awa. Sinadari ɗaya, saƙo ɗaya, kowace dabba da yadda take fassara shi. An tabbatar da cewa ta faniyal labarin ke bi tun wajen ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, lokacin da Dan Sharp da ɗalibansa a Jami'ar Florida suka cire wa wasu goɗiyoyi shi, wasu kuma suka yanke musu ƙullin jijiyar wuya. Daga nan ƙarin haske bai sake matso musu da lokacin barbara ba.

Ingarma shi ba ya tsayawa cak. Yana iya barbara duk shekara, sai dai a watannin dogon dare maraina kan ɗan ragu, yawan maniyyi da zafin nema su yi ƙasa. Gashi ma a nan yake rataye. Gajeren dare yana ɗaga wani homon mai suna furolaktin, wanda ke sa tsohon gashi ya zube. Dogon dare ya sauke shi, gashi ya yi kauri. In ka ga jikin doki ya ɗan yi buzu-buzu da hunturu, a bakin barga za a ce sanyi ne. Sanyin na da nasa hannu, amma tsawon dare ne ke fara ba da umarni.

Turawa sun daɗe da mayar da wannan ilimi kuɗi. A dokar tseren dawaki na jinsin Thoroughbred, duk dokin da aka haifa a arewacin duniya ana ƙara masa shekara ne ranar 1 ga Janairu, a Ostireliya kuma 1 ga Agusta. Dukushin da aka haifa a Fabrairu da wanda aka haifa a Yuni sa'o'in juna ne a takarda, alhali na farkon ya girme da wata huɗu, ya fi ƙashi, ya fi tsada a kasuwa. Kowa sai ya so goɗiyarsa ta haihu da wuri, wato ta ɗauki ciki a tsakiyar sanyi, lokacin da jikinta ke cewa a'a. Tun 1947 wani mai bincike a Ingila, John Burkhardt, ya nuna fitilar lantarki na iya karya wannan. Tsarin da aka zauna a kai shi ne awa 16 na haske, awa 8 na duhu, a fara daga 1 ga Disamba, a jira kwana 60 zuwa 70. Awon hasken a wajen masu barga mai sauƙi ne: in za ka iya karanta jarida a lungun ɗakin, ya isa. Masu bincike a Faransa sun ƙara gano cewa ba sai an ƙona wuta haka ba. Haske na awa ɗaya tak, in ya faɗo kamar awa 9 da rabi bayan shigar duhu, yana yin aikin, domin yana datse daren gida biyu, jiki ya ɗauka gajere ne. Daga baya Murphy ta fito da wata hular fuska mai ɗan kofi a kan ido ɗaya, cikinsa ƙaramar fitila shuɗiya mai ƙarfin luks 50 a ma'aunin haske, tana ci daga yamma zuwa ƙarfe 11 na dare. Kamfanin Equilume ke sayar da ita. Ido ɗaya ya wadatar, goɗiya na kiwonta a fili, jikinta na cewa bazarar Turai ta shigo.

A riƙe wannan batu na datse dare, za mu dawo kansa.

To, mu nan fa?

A Dublin yinin Disamba awa 7 da rabi ne, na Yuni kusan 17. Mu tazararmu ba ta kai awa ɗaya da rabi ba, domin Kaduna na kusa da tsakiyar duniya, digiri 10 da rabi kacal a arewa. Saƙon da dokin Mahuta ke samu raɗa ce in aka gwada da na can. Saboda haka goɗiyoyi da yawa a ƙasashen zafi suna zagayowa duk shekara. Duk da haka binciken da aka yi a Meziko da Venezuela, wadda babban birninta Caracas ke layi ɗaya da Kaduna, ya nuna raɗar ma ana jin ta: a watannin gajeren yini ƙwai kan yi nawa a wasu goɗiyoyin.

Sai dai a nan akwai abin da ya fi haske ƙarfi, shi ne ciki. An sani ko a ƙasashen sanyi goɗiya mai ƙiba takan ƙi tsayawa da hunturu, ramammiya kuwa ta riga kowa tsayawa ta kuma makara wajen dawowa. A wajenmu Allah ya haɗa abubuwan biyu a layi ɗaya. Dogon yini yana zuwa tare da damina da ɗanyar ciyawa, gajere kuma tare da hunturu da rani, lokacin da damin harawa ke tsada. Goɗiyar da aka yi wa barbara a Yuni za ta haihu wajen Mayu, ruwa ya sauka, ciyawa ta fito. Don haka wanda goɗiyarsa ta ƙi karɓar ingarma a Fabrairu, ya fara shafa haƙarƙarinta kafin ya yi tunanin fitila. In yatsu na ƙirga ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, ga amsar nan. A ganina sayo hular Turai don goɗiyar gida ɓarnar kuɗi ce. Ba mu da dokar 1 ga Janairu da ke kora mu, ba mu da daren awa 16 da za mu gajarta. Dawakin hawa a birane da fadoji ma galibinsu ingarmu ne, goɗiyoyin suna karkara da hannun masu kiwo.

Inda lamarin ke da ɗan sarƙaƙiya shi ne dawakin ƙwallo na Ajantina, waɗanda yawancinsu goɗiyoyi ne. Can kudancin duniya ne, lokutansu a juye suke. Wadda ta baro Buenos Aires a Disamba ta baro yini mai awa 14 da rabi, ta sauka a mai awa 11 da rabi. A lissafin jikinta sanyi ne ke tafe, tana iya fara tara gashi a daidai lokacin da zafin Maris ke ƙaratowa. Agogonta na yini zai daidaita cikin kwana ɗaya ko biyu, amma na shekara sai an yi watanni. Mai kula da ita ya sa ido kan gumi da numfashi, ya aske gashin in ya yi yawa, ya kuma yi haƙuri da ita.

Barci da fitilar tsaro

Mutane sun fi sanin melatonin da sunan maganin barci, don haka suke ganinsa a kantin magani. A doki ba haka abin yake kai tsaye ba. Melatonin yana shaida wa jiki cewa dare ya yi, ba ya kayar da doki. Ka ji ana cewa "ai doki ba ya barci", wannan ba daidai ba ne. Yana yi, awa 3 zuwa 5 a yini da dare, guntu guntu, mafi yawa bayan tsakar dare. Ƙafafunsa na da wani ɗaurin jijiya da ke kulle gaɓoɓi, shi ya sa yake gyangyaɗi a tsaye, ƙafar baya ɗaya a ɗage kan bakin kofato, leɓen ƙasa ya saki, kunnuwa sun faɗi gefe. Amma barci mai nauyi, wanda tsoka ke saki gaba ɗaya, ba ya yiwuwa sai ya kwanta, kuma yana buƙatar kamar rabin awa na irinsa kullum. Dokin da aka ɗaure da gajeriyar igiya a turke, ko ƙasan wurinsa siminti ne jiƙe da fitsari, ba zai kwanta ba. In abin ya daɗe sai ka ga yana tsaye gwiwoyinsa sun lanƙwashe ya tafi luu, ya farka a firgice. Shaidar tana gaban gwiwa da gaban wuyan ƙafa, 'yan raunuka da ba a san inda ya samo su ba. Maganin wannan yashi ne busasshe ko ɗiddigar katako, da igiya mai tsawo, da kwanciyar hankali.

Yanzu mu koma kan datse dare. Unguwannin kudancin Kaduna, su Mahuta da Kamazou da Sabon Tasha, sun cika da sababbin gidaje, kuma kusan kowace katanga da fitilar sola a kanta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kowa na tsoron ɓarayi, doki kuwa dukiya ce mai ƙafa. Za ka ji mai gida na cewa yaron barga, "Kai, kada ka kuskura ka kashe wutar nan." Da can ɗaukewar wutar lantarki kan ba dabbobi duhunsu ko ba a yi niyya ba. Sola ba ta ɗaukewa, tana kamawa da magariba ta kai asuba. Kuma farin ƙwan LED da ake sa mata cike yake da shuɗin haske, wanda shi ne ƙwayoyin idon nan suka fi ji. Farin wata ko ya cika bai kai luks ɗaya ba, shi ya sa bai taɓa dagula lissafin ba. Fitilar da aka kafa saitin turke ta ninka shi sau ɗaruruwa.

Dokin da ke kwana ƙarƙashinta jikinsa bai ga dare ba. Su kansu Turawan da ke amfani da fitila da gangan sun gano cewa barin ta awa 24 bai kai awa 16 amfani ba, dole a bar wa goɗiya duhunta. Ba ina cewa fitila za ta kashe doki ba ne. Amma wanda ke kashe kuɗi kan dusa da allura da kofato, kuma ya hana dabbarsa abin da ake samu kyauta, ya yi sakaci.

Gyaran ba shi da wuya. Fitilar tsaro ta kalli ƙofa da katanga, inda ɓarawo zai biyo, ba fuskar doki ba. In ba ta juyuwa, a kafa mata ɗan langa-langa ko a rataya buhu ta ɓangaren bargar. Ana samun masu kamawa sai an gitta, su ma sun fi mai ci har safe, muddin ba motsin dokin ne zai riƙa kunna su ba. Wanda ke leƙa barga cikin dare ya nemi jar fitila, ko ya rufe tocilarsa da jar leda. Binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna jan haske maras ƙarfi ba ya hana melatonin na doki tashi. Wannan ya fi amfani ga mai jiran haihuwa, domin goɗiyoyi galibi da dare suke haihuwa, kuma suna iya jinkirtawa in ana damun su. Da rana kuma a fito da doki ya ga haske sosai. Ɗaki mai duhu-duhu da rana, mai haske-haske da dare, shi ne mafi muni, don jiki ya rasa gane ko wanne.

Ƙwayar melatonin ta mutane kuwa, a bar ta a kanti. In aka ba goɗiya da yamma, jikinta zai ɗauka dare ya yi tsawo, abin da zai ja mata baya wajen neman ingarma. Likitoci a Amurka sun gwada shi kan dawakin da ke fama da ciwon kaɗa kai, wasu suka ji sauƙi wasu ba su ji ba, wasu kuma gashinsu ya ƙi zubewa. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma masu bincike na tsangayar likitancin dabbobi sun gwada shi kan jakuna masu dakon kaya, don ganin yadda zai rage musu wahalar zafi. Duk wannan aikin masana ne, da awo da sa ido, ba na yaron barga ba.

Wanda ya gyara abinci, ya gyara makwanci, ya ba da duhu, amma goɗiyarsa ta shekara ba ta nemi ingarma ba, ko tsohon dokinsa ya tara dogon gashi ya ƙi zubarwa ga yawan shan ruwa, ya daina zargin fitila. Na biyun nan alama ce ta ciwon fituwitari da ke kama tsofaffin dawaki. Ya kira likitan dabbobi, ko ya ɗauke shi zuwa asibitin koyarwa na dabbobi na jami'ar da ke Samaru, tafiyar kamar kilomita 80 ce daga Kaduna.